Dafin Kibiya a Hannun Likita

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa zuwa ƙofar ɗakin tiyata ya san irin tambayar da dangi kan yi a wurin: wane likita ne zai yi aikin, kuma yaya hannunsa yake? Da wuya a ji wanda ya nemi sanin mutumin da zai sa majinyacin barci. Abin da jama'a suka ɗauka shi ne allura ɗaya ake yi, mutum ya yi barci, a yi masa aiki, ya farka. Alhali kuwa a yawancin manyan ayyukan fiɗa, musamman na ciki da na ƙirji, magunguna iri uku ake haɗawa: na gusar da hankali, da na kashe zafi, da kuma na sakin tsoka. Wannan na ukun shi ne jama'a ba su sani ba, kuma shi ya fi cancanta a sani, domin da zarar ya shiga jini sai numfashin mutum ya tsaya cik, ya koma amana a hannun wani.

Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, maganin sakin tsoka yana cikin manyan ni'imomin da ilimin likitanci ya samu a ƙarni na 20, amma ni'ima ce mai sharaɗi. Bai halatta a zuƙo shi a sirinji ba sai a inda akwai ƙwararren da zai yi wa majinyaci numfashi, da kayan da zai yi aikin da su, da kuma na'urar da za ta nuna masa halin da majinyacin ke ciki. Tarihin maganin kansa shi ne babbar hujja.

Asalin Maganin

Mafarautan ƙasar Hausa na da sun san kwankwani, wanda ake haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa, kuma dafinsa zuciya yake kamawa. Mafarautan dazuzzukan Amazon da ke Amurka ta Kudu su ma suna da nasu, wanda ake kira kurare. Sukan dafa ɓawon wasu itatuwa masu yaɗo har ya yi kauri, su shafa wa 'yan ƙananan kibau da suke hurawa ta cikin dogon bututu. Birin da aka harba ba ya ihu, ba ya shure-shure. Hannunsa ne kawai zai saki reshe ya faɗo. Kuma ana cin namansa ba tare da wata illa ba, saboda dafin ba ya ratsa hanji ya shiga jini sai ɗan kaɗan.

A shekarar 1814 wani Bature ɗan yawon duniya mai suna Charles Waterton, tare da wasu likitoci, suka gwada dafin a jikin wata jaka a Landan. Cikin 'yan mintoci ta faɗi kamar matacciya. Sai suka tsaga maƙogwaronta, suka sa zugazugi irin na maƙera suna hura mata iska cikin huhu. Bayan kimanin awa 2 ta ɗaga kai. Da aka daina hurawa sai ta sake sumewa, aka ci gaba har wasu awa 2. Jakar ta tashi, ta kuma rayu har zuwa 1839. Darasin da ke cikin wannan gwaji bai tsufa ba har yau: kurare ba ya tsayar da zuciya, numfashi kawai yake tsayarwa, kuma idan aka samu mai yi wa dabba ko mutum numfashi har dafin ya fita, zai tashi lafiya.

Yadda Yake Aiki

Ɗalibin ilimin halittu ya san cewa tsoka ba ta motsi sai da umarni. Umarnin yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya gangaro ta jijiyar saƙo har bakin tsoka. To amma jijiyar ba ta manne da tsokar ba. Akwai ɗan siririn giɓi a tsakaninsu. Idan saƙo ya iso ƙarshen jijiya, sai ta fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, shi kuma ya tsallaka giɓin ya shiga wasu gurabu da ke jikin tsoka, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwado. Kwado na buɗewa sai tsoka ta tsuke. Nan take wani sinadarin dabam ya wargaza asetilkolin ɗin, domin a share fage ga saƙo na gaba.

Kurare mabuɗin jabu ne. Yana shiga kwadon daidai, amma ba ya buɗe shi, kuma ya hana mabuɗin gaskiya shiga. Masanin Faransa Claude Bernard ne ya fara gano inda abin ke faruwa a shekarun 1850, ta hanyar gwaji da kwaɗi. Ya ɗaure hanyar jini ta ƙafa ɗaya domin kada dafin ya isa gare ta, sannan ya sa wa kwaɗon kurare. Ya tarar cewa tsokar da dafi ya kama tana tsukewa idan an taɓa ta da lantarki kai tsaye, amma ba ta amsa saƙon jijiya. Abin da ya fi ɗaukar hankali kuma shi ne, idan aka mintsini fatar ɓangaren da ya shanye, sai ƙafar da aka kare ta motsa. Ma'ana, dabbar tana jin abin da ake yi mata. A 1935 Harold King ya tace ainihin sinadarin dafin, wato tubokurarin, a 1936 kuma Henry Dale da abokan aikinsa suka tabbatar da cewa asetilkolin ne ɗan aiken da ke tsakanin jijiya da tsoka.

Shanyewar tana bin tsari. Ƙananan tsokokin ido da na fuska su ke fara saki, sai na hannu da ƙafa, daga ƙarshe kuma faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda ita ce ginshiƙin numfashi. Zuciya tana ci gaba da bugawa domin tana da nata tsarin na dabam. Ƙwaƙwalwa ma maganin ba ya isa gare ta.

Ranar da Ya Shiga Ɗakin Tiyata

Tun daga 1846, lokacin da aka nuna amfanin iskar ita a birnin Boston, likitoci sun samu hanyar gusar da hankalin majinyaci. Sai dai tsokar ciki takan ci gaba da ɗaurewa ko da mutum na barci, kuma mai fiɗa ba zai iya kaiwa ga hanji ko hanta ba sai ta saki. Hanya ɗaya da ake da ita a lokacin ita ce a yi ta ƙara maganin barci har mutum ya yi nisa ƙwarai, wanda hakan kan raunana zuciya, ya sauko da bugun jini, ya kuma jawo amai da jinkirin farkawa. Tsofaffi da jarirai da masu raunin jiki da yawa ba sa iya jure wannan.

A ranar 23 ga Janairu, 1942, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi wa wani saurayi da ake cire wa afendis allurar tataccen kurare, cikinsa kuwa ya saki cikin ɗan lokaci. A wannan shekarar suka ba da rahoton majinyata 25. A 1946 Cecil Gray da John Halton a Liverpool suka kawo rahoton sama da majinyata 1,000, daga nan kuma aka kafa tsarin da ake bi har yau: barci marar nauyi, da maganin kashe zafi, da maganin sakin tsoka, kowanne da aikinsa, sannan a zura bututu cikin maƙogwaro a riƙa hura wa majinyaci iska. Wannan tsari na cikin abubuwan da suka share hanya ga tiyatar zuciya da ta huhu da ta jarirai sabbin haihuwa.

Bayan tubokurarin an samar da wasu da suka fi shi. Saksametoniyam, wanda ya shigo a 1951, yana kama jiki cikin kusan minti 1 ya kuma saki cikin kimanin minti 5, shi ya sa ake amfani da shi wajen zura bututu da gaggawa. Shi mabuɗi ne da ke buɗe kwadon ya maƙale a ciki, don haka akan ga tsokoki sun ɗan yi ɓari kafin su saki. Fankuroniyam, na shekarun 1960, an tsara shi ne bisa koyi da wani sinadari da aka samu a ɓawon wata itaciya ta yankin Kwango. Atirakuriyam na farkon shekarun 1980 yana wargajewa da kansa a cikin jini ba tare da dogaro da ƙoda ko hanta ba. Rokuroniyam ya biyo baya a 1994.

Darasin 1954

Masu tsoron maganin a wancan zamani suna da hujja. A 1954 Henry Beecher da Donald Todd suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a asibitocin jami'a 10 na Amurka, wanda ya ƙunshi kusan ayyuka 600,000. Sun tarar cewa a cikin waɗanda aka ba maganin sakin tsoka mutum 1 cikin 370 ya mutu, a cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa 1 cikin 2,100. Kusan ninki shida ke nan. Sun yi zaton maganin ne ke da wata guba ɓoyayya. Bayanin da masana suka fi raja'a a kai daga baya shi ne, an riƙa ba mutane maganin ana barin su su yi numfashi da 'yar ragowar ƙarfinsu, sannan a mayar da su ɗakin jinya tun maganin bai gama sakinsu ba. An karɓi maganin, ba a karɓi sharaɗinsa ba, wato darasin da jakar Waterton ta koyar shekara 140 kafin nan. Duk asibitin da ya sayi maganin a yau ba tare da mutum da kayan aiki ba, to ya koma 1954 ne da ƙafarsa.

Farke, Amma Ba Bakin Magana

Bahaushe ya san dannau: mutum ya farka cikin dare, yana ji, yana sane, amma ya kasa ɗaga ko da yatsa, ya kasa kiran na kusa da shi. Wanda ya taɓa shiga wannan hali zai fahimci haɗari na biyu da ke tattare da maganin sakin tsoka. A 1947 wani likitan sa barci a jihar Utah ta Amurka, Scott Smith, ya ba da rahoton gwajin da ya sa abokan aikinsa suka yi a kansa. Sun ba shi kurare mai yawa ba tare da maganin barci ba, suna yi masa numfashi. Jikinsa ya shanye ƙaf, amma yana jin maganarsu, yana jin tsinin allura, yana jin yawu na taruwa a maƙogwaronsa ba halin haɗiyewa. Da wannan ya tabbata cewa maganin ba ya sa barci, ba ya kuma kashe zafi ko kaɗan.

Majinyacin da ba a ba shi maganin sakin tsoka ba, idan barcinsa ya yi sauƙi zai motsa, a gani, a ƙara masa magani. Wanda aka ba kuwa an rufe masa wannan ƙofa. Wani babban bincike da aka gudanar a Birtaniya da Ailan, wanda aka fitar a 2014, ya nuna cewa rahoton farkawa ana tsakar aiki yana zuwa ne kusan sau 1 cikin 8,000 idan an yi amfani da maganin sakin tsoka, amma kusan sau 1 cikin 136,000 idan ba a yi ba. A fiɗar ciro jariri da aka yi da cikakken barci adadin ya kai kusan 1 cikin 670. Abin ba ya yawan faruwa, amma da yawa daga waɗanda ya faru da su sun bayyana cewa kasa motsin ya fi zafin wuƙar tayar musu da hankali, wasu kuma firgicin ya bi su shekaru. Saboda haka wajibi ne mai sa barci ya tsaya a kan majinyaci daga farko har ƙarshe, yana lura da bugun zuciya da na jini da gumi da hawaye da kuma yawan maganin da ke shiga jiki. Kuma majinyacin da ya ce ya ji abin da aka yi masa, a saurare shi, kada a ce mafarki ya yi.

Makarin da Ya Fito Daga Kalaba

Ɗaliban Nijeriya ya kamata su san cewa makarin wannan dafi na Amazon daga ƙasarsu asalinsa yake. Mutanen Efik na Kalaba suna da wani wake mai guba da suke kira esere, wanda a da ake ba wanda ake tuhuma da maita ya ci. A 1864 aka tace sinadarinsa a Jamus, aka sa masa suna fisostigmin. Aikinsa shi ne hana wargaza asetilkolin, ta yadda mabuɗan gaskiya za su taru su yi yawa har su rinjayi na jabu. A 1900 Jacob Pal a birnin Biyana ya nuna cewa yana tayar da dabbar da kurare ya shanye, a 1931 kuma aka ƙera ɗan'uwansa niyostigmin, wanda har yau ake amfani da shi a ƙarshen aiki. Akan haɗa shi da atirofin saboda shi kaɗai yana rage gudun zuciya, ya kuma yawaita yawu. Yana da iyaka: ba ya tayar da wanda maganin ya kama da nisa, sai an jira jiki ya fara dawowa. Sugamadeks, wanda aka amince da shi a Turai a 2008, a Amurka kuma a 2015, wani zobe ne na sukari da ke haɗiye rokuroniyam ya fitar da shi ta fitsari, amma tsadarsa ta hana shi isa asibitoci da yawa.

Ta yaya ake sanin maganin ya saki? Ido kaɗai ba ya wadatarwa. Mutum na iya buɗe ido har ya ɗaga kai alhali tsokokin maƙogwaronsa ba su dawo ba, ya shaƙe da yawu ko amai bayan an cire bututu. A 1970 masana a Liverpool suka fito da gwajin bugu huɗu: a manna 'yan wayoyi a wuyan hannu, a aika ɗan ƙaramin lantarki sau 4 a jere, a auna motsin babban yatsa. Ƙa'idar yau ita ce kada a cire bututu sai ƙarfin motsi na huɗu ya kai kashi 90 cikin 100 na na farko. Na'urar da ke wannan aiki ba ta wuce tafin hannu ba.

Sharuɗɗan da Ba a Sassautawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa maganin dole a tanadi iskar oksijin, da jakar hura iska ta hannu wadda ba ta jiran wutar lantarki, da bututu da fitilar leƙa maƙogwaro, da injin zuƙe majina, da na'urar yatsa mai auna oksijin a jini, da mai auna iskar da huhu ke fitarwa, wadda ita ce ke tabbatar da cewa bututu ya shiga hanyar iska bai kauce zuwa hanyar abinci ba. Saksametoniyam da atirakuriyam suna buƙatar firji, kuma a garin da zafi ke wuce digiri 40 ga ɗaukewar wuta, ƙarfinsu kan ragu ba tare da kwalba ta nuna alama ba. Ajiyarsu ma sai an keɓe. A 2017, a wani asibiti a jihar Tennessee ta Amurka, an ɗauko bekuroniyam bisa kuskure a maimakon maganin kwantar da hankali, saboda sunayensu sun fara da haruffa iri ɗaya, aka yi wa wata dattijuwa aka bar ta ba mai lura, ta rasu. Idan hakan ta faru a inda kaya suka wadata, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Babban sharaɗi kuwa shi ne mutum. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla likita 5 na wannan fanni ga kowane mutum 100,000. Ƙidayar da ta fitar a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta kai ko 1 ba. Nas-nas da aka horar a fannin su ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin, musamman a wajen manyan birane, kuma sun cancanci horo mai inganci da kayan aiki da girmamawa.

Wani zai ce, idan aka tsananta sharuɗɗa haka, ai sai a rufe ɗakunan tiyata na karkara, mata masu doguwar naƙuda su yi ta mutuwa a hanya. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma gaskiya ne cewa rashin tiyata yana kisa. Amma ba kowane aiki ke buƙatar maganin sakin tsoka ba. Fiɗar ciro jariri da ta gwaiwa da yawancin ayyukan da ke ƙasa da cibiya ana yin su da allurar baya, majinyaci na farke yana numfashi da kansa. Ketamin, wanda galibi ba ya tsayar da numfashi, yana isa ga gajerun ayyuka da dama. Abin da ya rage, wanda sai an shanye tsoka, hanyarsa biyu ce: a kai kayan aiki da ƙwararre wurin, ko a kai majinyaci inda suke. Kuɗin jakar hura iska da na'urar yatsa bai kai na gyaran ƙofar asibiti ba, don haka uzurin talauci bai karɓu ba a nan.

Kira ga Ɗalibai da Malamai

Wannan bayani ba dalili ne na gudun tiyata ba. A hannun wanda ya iya, sa barci a yau ya fi kowane zamani aminci, kuma jinkirta aikin da ya zama dole ya fi shi haɗari nesa. Abin da ake buƙata daga majinyaci da danginsa shi ne gaskiya. Idan an ce kada a ci abinci kafin aiki, kada tausayi ya sa a ba shi ko da kunu a ɓoye, domin tsoka na saki abin da ke ciki na iya kwararowa cikin huhu. A faɗa wa likita idan wani a dangi ya taɓa jimawa bai farfaɗo ba bayan tiyata, ko ya rasu da zazzaɓi mai tsanani ana cikin aiki. Akwai masu gadon ƙarancin sinadarin da ke wargaza saksametoniyam, waɗanda maganin minti 5 kan riƙe su awoyi, akwai kuma masu gadon wata lalura da ke sa zafin jikinsu ya hau ba ƙaƙƙautawa, wadda makarinta shi ne dantirolin. Haka kuma a bayyana duk maganin da ake sha, har da na gargajiya.

Malamin ilimin halittu da ya zo darasin jijiya da tsoka yana da labarin da zai sa zanen allo ya yi rai, daga kwaɗon Bernard har waken Kalaba. Ɗalibin da ke burin aikin likita ko jinya kuma ya sani cewa a kowane ɗakin tiyata akwai mai tsayuwa a wajen kan majinyaci, hannunsa a kan jakar iska, idonsa a kan na'ura, wanda dangi ba sa tambayar sunansa. Ƙasar nan tana ƙarancin irinsa, kuma daga azuzuwan sakandare na yau za su fito.